Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Mai Alfarma Sarkin Musulmi kan wakafin tarihin gidaje

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Sarkin Musulmi, Alhaji Muhammad Sa'ad Abubakar.

Bayan gaisuwar ban girma, koke na kawo, kuma a kan takardu ne. A gidajen malamai da alƙalai na Sakkwato da Gwandu da Wurno akwai gafakoki cike da salsalar gida, da wasiƙu, da takardun rabon gado, da ijazar da ke nuna wa ya yi karatu wurin wa. Ranar da maigida ya rasu ake fara asara. A raba gona, a raba shanu, a zo kan littafin da ba shi da ɗinki, sai a raba shi warƙa-warƙa don kada wani magaji ya ce an cuce shi. Rabi ya tafi Kano, rabi ya zauna ƙarƙashin gado, gara da yoyon damina su ƙarasa aikin.

Masu neman takardun kuwa suna nan. Jikokin waɗanda suka bi Sarkin Musulmi Attahiru, suka tsira a yaƙin Burmi da Turawa a 1903, suka zauna Mai Wurno a Sudan, da yawansu na son sanin gidan da kakansu ya fito. Wanda ya je ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna zai tarar da rahoton Razdan, wato Baturen mulkin lardi, da lissafin jangali. Sunan hakimi na ciki, na kakar mai neman da wuya.

Ranka ya daɗe, Shari'a ta yarda mutum ya yi wasiyya da sulusin dukiyarsa, kamar yadda Annabi (SAW) ya iyakance wa Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas. Masu hali sun saba da masallaci da rijiya, madalla, sai dai wata unguwar masallatai uku ne a layi guda. Ilmi mai amfani ma yana cikin abin da ke bin mamaci, kuma an hore mu da sanin nasaba don sada zumunci. In limamai suka ji haka daga bakinka, kai da ke shugabantar Jama'atu Nasril Islam, za su faɗa a mumbari.

Roƙona a buɗe asusun wakafi na wannan aiki a Hukumar Zakka da Wakafi ta Jihar Sakkwato, a haɗa ta da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu. A biya matasa masu karanta ajami su bi gida-gida su ɗauki hoton takardu, na asali ya zauna hannun mai shi, domin ba wanda zai yarda a fita da littafin kakansa. A naɗi muryar tsofaffin mata, su ne suka san wa ya sha nono da wa.

A kuma sa sharaɗi: amintattu su riƙa bayyana lissafi duk shekara, kuma kada a saki salsalar kowa ba da izinin gidansu ba. Wata takardar maganar bauta ce a ciki, wata rigimar gado ce da har yau ba ta mutu ba.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya.

Naka mai biyayya,
wani talakanka daga Wurno