Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Babban Sakataren Hukumar Tafkin Chadi kan yaƙin Rabeh

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Daga ofishinka a Njamena, kogi kawai za ka tsallaka ka isa Kusiri ta Kamaru, inda sojojin Faransa suka kashe Rabeh Fadlallah ranar 22 ga Afrilun 1900. Kwamandansu Lamy shi ma a nan ya mutu, aka sa wa birnin da kake zaune sunansa har zuwa 1973.

Ƙasashe huɗun da suka kafa hukumarka a 1964, wato Najeriya, Nijar, Chadi da Kamaru, duk wannan yaƙi ya taɓa su, amma kowace ta riƙe guntunta. Mutumin Borno ya san Rabeh ya ƙone Kukawa a 1893, ya kori Shehu Hashimi, ya mai da Dikwa fadarsa, ya yi ta kamen bayi. Masarautar Bagirmi, da ke cikin Chadi ta yau, ta riga Borno shan wuyarsa. A Nijar kuwa abin da ba a manta ba shi ne ayarin hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine na 1899, wanda ya yi kisan kiyashi a Birnin Ƙonni, ya gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu. Ragowar wannan ayari ne ya isa Kusiri ya haɗu da wasu rundunonin Faransa biyu. Wato cikin waɗanda suka raba Borno da Rabeh akwai masu jinin mutanen Ƙonni a hannunsu. Yaro a Dikwa ya kamata ya san wannan, yaro a Ƙonni ma ya san abin da aka yi wa Kukawa.

Ba na roƙon a yanke hukunci ɗaya a kan Rabeh. Wasu na ganinsa gwarzon da ya tsaya wa Turawa, ni kuwa ba zan iya kau da kai daga bayin da ya kama ba. A bar wannan saɓanin a fili, a shafi guda, kowa ya karanta hujjar ɗan'uwansa.

Faransa da Jamus sun fara fitar da littafin tarihi na haɗin gwiwa don 'yan sakandare a 2006. Ina roƙonka ka tara malaman tarihi daga jami'o'in Maiduguri, Marwa, Njamena da Damagaram, su naɗi abin da tsofaffi da mawaƙan fada suka gada, su rubuta shi da Barbarci, Hausa, Larabci da harsunan makaranta. A yi da wuri, domin masu riƙe da labarin suna ƙarewa, da yawansu kuma rikicin Boko Haram ya raba su da garuruwansu.

Naka mai biyayya,
Wani malamin makaranta