Wasiƙa zuwa ga ɗana kan aikin yanar ido

Assalamu alaikum, ɗana.

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya kai da iyali. Mai ɗakinka ta gaya mini likita ya ga yana a idonka na dama, har ya ba ka ranar aiki, amma kana ta ja da baya. Ta ce tuƙin dare ma ya fara gagararka, domin fitilun motoci na tarwatse maka a ido. Hankalina bai kwanta ba. Tun da an yi mini wannan aiki a idanuna biyu, ka saurare ni da kunnen basira.

Mutane da yawa sun ɗauka yana wata fata ce da ke tsirowa a saman ido. A cikin ido take. Bayan baƙin ƙwayar akwai ɗan gilashi na halitta, garau, mai tattara haske, kuma shi ne ke dusashewa. Saboda haka babu maganin ɗigawa ko na sha da zai narkar da ita, kowa ya ce maka akwai, kada ka saurare shi. Yawanci tsufa ke kawo ta, amma ciwon suga irin naka yakan gaggauto da ita, haka ma shan taba da daɗewa ana amfani da magungunan rage kumburi da ake kira siteroyid. Ita ce kan gaba wajen makantar da mutane a duniya, alhali maganinta aiki ne da ba ya cika wuce rabin awa. Wannan abu yana yi mini ciwo a rai.

Kada kuma ka ce sai ta nuna. Wancan zancen da ne. Idan ta daɗe takan taurare, aikin ya ƙara wuya. Da zarar ta fara hana ka karatu ko tuƙi, lokaci ya yi.

Na san tsoron wuƙa ne ke damunka, don haka bari in ba ka labarin yadda abin yake. Za a ɗiga maka maganin da ke buɗe ƙwayar ido, sannan a kashe zafin wurin. Idonka biyu, ba za a sa ka barci ba. Aka lulluɓe mini fuska da ƙyalle, aka bar ido ɗaya a waje. Abin da na gani haske ne mai ƙarfi, da launuka suna ta jujjuyawa. Na ji sanyin ruwa yana gangarowa gefen kunnena, na ji ƙarar na'ura ƙasa-ƙasa, na ji ɗan dannawa, amma zafi kam ban ji ba. Likitan ya ce idan tari ya taso in yi magana tukuna kafin in motsa. Ta wata 'yar kafa da ba ta wuce milimita 2 zuwa 3 ba ya farfasa gilashin da ya lalace, ya zuƙe shi, dabarar da wani likitan Amurka, Charles Kelman, ya ɓullo da ita a 1967. Sai ya zura na roba a gurbinsa. Kada ka ji tsoron roba a cikin ido. Tun 1949 wani likitan Birtaniya, Harold Ridley, ya fara sa irin wannan gilashi a Landan, bayan ya lura cewa matuƙan jiragen yaƙin da ɓaraguzan robar murfin jirgi suka shiga idanunsu, idon bai ƙi su ba. Ba a cire shi a wanke, ba a kuma jin sa.

Washegari da aka cire bandeji, abin da ya fi ba ni mamaki launi ne. Na rufe sabon idon na dubi farar takarda da tsohon, sai na gan ta rawaya-rawaya. Na sauya, sai ga ta fara sol. Ashe shekara da shekaru shuɗi ya ɓace mini ban sani ba. Gani bai washe gaba ɗaya nan take ba, sai da aka ɗan kwana biyu, idon kuma yana yi mini kamar akwai yashi a ciki.

Sai dai ba zan ɓoye maka ba, ba kowa ke fitowa da irin nawa ba. Wani abokina an yi masa aikin lafiya lau, amma ganinsa bai dawo yadda ya so ba, saboda hawan jinin ido ya riga ya cinye masa jijiya a ɓoye. Sabon gilashi haske kawai yake shigarwa, idan bayan idon ya lalace babu abin da zai iya. Nan ne nake so ka fi sa hankali, domin suga yakan taɓa ƙananan jijiyoyin jinin bayan ido, kuma masu suga sun fi samun kumburi a wurin bayan aiki. Ka tambayi likita kai tsaye: ya duba bayan idon? Me ya gani? Wane irin gani yake sa ran za ka samu? Ka kuma daidaita sugarka tun yanzu.

Za su auna idonka don zaɓen ƙarfin gilashin. Nawa mai ganin nesa ne, ina sa tabarau in zan yi karatu, kuma bai dame ni ba. Akwai mai haɗa nesa da kusa, amma wasu kan ga zobban haske kewaye da fitila da dare. Kai da kake tuƙin dare, ka yi wannan magana da likita sosai kafin ka zaɓa. Ka kai masa duk magungunan da kake sha cikin kwalayensu, kada ka dakatar da ko ɗaya sai da izininsa.

Makonnin da ke biyo baya a hannunka suke. Ka wanke hannu kafin ka ɗiga magani, bakin kwalbar kada ya taɓa ido, kuma ka bi lokaci ko da ka ji garau. Ka kwana da murfin kariya. Kada ka murza, kada ruwa ko sabulu ya shiga. Idan zafi ya riƙa ƙaruwa, ko idon ya yi jawur, ko gani ya ragu bayan ya fara kyau, ko ka ga walƙiya, ko wani duhu ya sauko daga gefe, ka koma asibiti a ranar, ko da tsakar dare ne. Ƙwayar cuta ba ta cika shiga ba, amma in ta shiga, jinkirin yini ɗaya na iya cinye ido.

Sabon tabarau sai bayan mako 4 zuwa 6. Idan bayan watanni ko shekaru ka ga hazo ya dawo, kada ka firgita, yana ba ta sake fitowa. Jakar da ke riƙe gilashin ce ta dusashe, kuma da hasken leza ake buɗe ta cikin 'yan mintuna kana zaune.

Ka kira asibitin ka tabbatar musu da ranar, sannan ka sanar da ni. Mai ɗakinka ta raka ka, domin ba za ka iya tuƙo kanka gida ba. Allah Ya ba ka lafiya, Ya sa a yi a sa'a. Ka gaishe mini da ita da jikokina.

Mahaifinka.