Sallah ba kiɗa a Landan

Assalamu alaikum. Inna, barkanmu da Sallah, Allah ya maimaita mana.

Mun yi idi a filin ƙwallo ana yayyafi. Ana sallamewa kowa ya kama gabansa, wasu ma da kayan aiki a ƙarƙashin babbar riga. Ba ganga, ba algaita, ko guɗa ɗaya ban ji ba. Na tsaya bakin titi ina lissafi: yanzu Sarki ya baro Ƙofar Mata, kakaki na tashi, yara na hawa katanga, ƙura ta turnuƙe. Wannan hayaniyar da nake toshe wa kunne, Inna, ita nake nema yau.

Da na koma ɗaki, Baturen da muke haya tare ya ga na yi jugum, sai ya kunna mini faifai, wai ya taya ni biki. Na wasu 'yan Landan ne, The xx, ya fito a 2009. A wata sakandare ta unguwar Putney suka haɗu, da daddare suka riƙa ɗaukar faifan a wani ɗan ƙaramin ɗaki. Mace da namiji suna waƙa ƙasa-ƙasa kamar masu gudun tada mai barci, jita ta ɗiga sau biyu sau uku, sai shiru. Da wannan fa suka ci kyautar Mercury, wata babbar kyautar waƙa ta ƙasar nan, a 2010, har Rihanna ta ari kiɗan da ya buɗe faifan. Shi Baturen a ganinsa daga nan ne mawaƙa da yawa suka koyi rage kiɗa. Dariya ta kama ni, na ce a garinmu ko sisi ba mai liƙa wa wannan.

Amma ban ce ya kashe ba. Kafin ya ƙare na ji idona ya cika. Kiɗan mutanen da kowa ya rufe ƙofarsa ne, kuma haka garin nan yake.

A gaida Baba, da Kawu da iyalinsa. Gwaggo kuwa, a ce mata jiya na yi mafarkin wainarta, mai baƙi-baƙin nan ta gefen tanda da take ɓoye mini a ƙasan kwano, kuma ciwon gwiwar nan kada ta yi wasa da shi. Yaya, saƙo na hanya. Maƙwabta duka.

Auta, gobe a Hawan Daushe ka matsa kusa da makaɗa, ka ɗaukar mini a waya. Ba ruwana da dawakai, sautin kawai. Zan sa wa Baturen nan ya ji.

Ɗanku.