Ba Matasa Ne Ke Rushe Wayewa Ba

Malam Edita,

Ina neman fili a jaridarka domin in yi tsokaci kan kukan da ya zama ruwan dare, cewa halin matasan yau, da kaɗe-kaɗensu da shigarsu da manne wa waya, alama ce ta rushewar wayewar ɗan'adam. Ban yarda da wannan hukunci ba.

Wannan tsohon zargi ne, domin a shekarar 399 kafin Miladiyya mutanen birnin Atina na Girka sun yanke wa masanin falsafa Socrates hukuncin kisa, kuma cikin tuhumar har da ɓata tarbiyyar matasa. Masanin tarihi Ibn Khaldun, wanda ya yi nazarin tashi da faɗuwar dauloli a 1377, ya ɗora alhakin rushewa ne a kan sakin jiki da jin daɗi na masu mulki, da tsananta haraji, da zalunci, da raunin haɗin kan al'umma, kuma duk waɗannan suna hannun manya. A yau kuwa, bisa ƙididdigar UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, fiye da kashi 90 cikin 100 na matasan duniya sun iya karatu da rubutu, matakin da kakanninsu ba su kai ba.

Damuwar iyaye tana da tushe, kuma ina jin ta a raina. Manhajoji irin su TikTok an ƙera su ne domin su riƙe hankalin mutum tsawon sa'o'i, saboda ribar kamfani tana ƙaruwa da yawan kallo. Manya ne suka tsara su, kuma manya ne ya kamata su kafa dokokin kare yara daga gare su, su kuma samar da makarantu da ayyukan yi.

Naka,
Mai karanta jaridarka