Rahoton Ayyukan Ƙungiya na Shekarar da Ta Ƙare

Assalamu alaikum. Iyayen ƙungiya, shugaba, 'yan kwamiti da sauran 'yan'uwa mambobi, ga rahoton shekara kamar yadda aka saba. Zan fara da maganar kuɗi, domin ita ce ta raba mana abin da muka yi da abin da muka bari.

Waɗanda suka biya kuɗin wata daga farkon shekara zuwa ƙarshenta ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Wasu sun biya na watan farko ranar zaɓen shugabanni, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Ni da ma'aji mun bi gida-gida, mun tsaya a bakin masallaci ranar Juma'a, har rumfunan kasuwa mun leƙa. Da damina aka ce mana a bari sai an sayar da riɗi. Aka sayar da riɗi, aka ce sai zoɓo. Zoɓon ma ya tafi Maigatari tuntuni. Littafin rasit yana hannun ma'aji, duk mai jayayya ya je ya duba sunansa.

Tarurrukan wata sun gudana, ban da na watan azumi da wanda ruwa ya hana.

Sai maganar ɗan littafin bukukuwa, wanda na san shi za a fi tambaya. Babban taron bara ya ɗora mana mu tattara bukukuwan masarautun Jigawa biyar, Dutse da Haɗejiya da Gumel da Kazaure da Ringim, wata bayan wata, don matasanmu su san inda za su je da lokacin zuwa. Bai fito ba, amma ba zama muka yi ba. Ɓangaren da ke bin watannin Musulunci an gama rubuta shi: cika-ciki a Muharram, Maulidi da Sallar Gani ta Gumel da Haɗejiya a Rabi'ul Awwal, tashe daga goma ga azumi, sai hawan ƙaramar sallah da na babba. Mun ƙara da Takutaha ta Kano da ake hawa dutsen Dala ranar sunan Maulidi, tunda mutanenmu da yawa suna zuwa.

Inda aiki ya cije shi ne ɗaya ɓangaren. Kalankuwa da sharo da bikin su, wato kamun kifi, a fadamun Haɗejiya ba sa bin ganin wata. Damina suke bi, da lokacin da aka gama kai amfani gida, da janyewar ruwa. Ranar sharo kuwa sai an je wajen arɗo an tambaya. Ga shi shekarar Musulunci tana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya duk shekara, don haka abin da ya faɗo da rani bana, nan da wasu shekaru da sanyi zai faɗo. Irin wannan aiki sai an tura mutum gari-gari, kuma babur ba ya tafiya da fatan alheri. Mai ɗab'i ma ya ce ba zai taɓa aikin ba sai an ba shi kafin alƙalami. Rubutun yana nan a ajiye.

Tafiyar Sallar Gani zuwa Gumel an yi ta, amma da rabin mota. Mutane sun rubuta suna, muka yi shatar mota bisa yawan sunayen, da asuba sai wayoyi a kashe. Kuɗin kujerun da babu kowa a kai daga asusu ya fita, shi ne giɓin da za ku gani a takardar ma'aji. Zuwa Kano kallon Hawan Daushe kuwa mun janye shi da gangan. Tun da dambarwar sarauta ta taso a 2024 an sha dakatar da hawan, ba za mu kwashi yaran mutane a kan abin da ba tabbas ba. Abin takaici ne, don a ƙarshen shekarar 2024 ɗin ce UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da take adanawa. Ziyarar ɗalibai zuwa zanen duwatsun Birnin Kudu ma an ɗage, dalilin dai shi ne na sakin layi na biyu.

To, mu zo kan kalankuwa, abin da ya wanke mana fuska. Shekaru an yi ba a yi ta a garin nan ba, har yaran da suka taso ba su san ta ba sai a bakin kakanninsu. Mai girma dagaci, Allah ya ja zamaninsa, ya ba mu filin bayan makaranta, ya kuma aika wa masu unguwanni da kansa. Sarkin noma ya buɗe da dami goma na gero, sai manoma suka shiga gasa, har rumbun da muka aro ya cika. Da wannan geron aka ciyar da baƙi, ba a taɓa asusu ba. Iyayenmu mata sun kwana daka, gari ya waye da fura da dambu da tubani.

Da hantsi yara suka yi langa, da la'asar sakaliya aka shiga kokawa. Amma fili bai cika ba sai da mahauta suka iso da kalangu. Wanda bai ga damben ƙarshe ba ya yi asara. Ɗan damben da baƙi suka zo da shi ƙato ne, tun yana ɗaure kara a hannu makaɗinsa ke zuba masa kirari, namu kuwa siririn yaro ne daga unguwar mahauta, wasu har suna cewa a cire shi kada a ji masa ciwo. Turmi na farko ya yi ta zille-zille. A na biyu ya bari ƙaton ya kawo hannu ya wuce, ya sunkuya ya ɗora masa a haƙarƙari, sai gwiwa a ƙasa. An kashe! Wani tsoho da ke jingine da sanda ya yar da ita ya shiga fili yana liƙi, sai da jikokinsa suka fito da shi. 'Yan sintiri sun yi aikinsu, aka tashi kafin magariba kamar yadda malamai suka sharɗanta, ba faɗa, ba wanda ya yi kukan an yanke masa aljihu. Garuruwa biyu na maƙwabta sun riga sun aiko suna neman mu nuna musu yadda muka tsara.

Sai dai a faɗi gaskiya, waɗanda suka share fili, suka kafa rumfa, suka ɗauko janareta da lasifika, suka mayar da kujerun haya da daddare, su ne dai mutanen da ke biyan kuɗin wata. Sauran mun gan su ranar, sun sha babbar riga sun zauna a sahun gaba, wasu har da ƙorafin ba a ambaci sunansu a lasifika ba. A zauren WhatsApp kuma kowa gwani ne wajen kawo shawara.

Kwamiti zai gabatar da abu biyu a babban taro don a kaɗa ƙuri'a: duk wanda ake bi bashin wata shida ba ya zaɓe ba a zaɓensa, kuma ba a rubuta sunan kowa a tafiya sai ya biya kuɗin kujerarsa. Akwai sauran bashin mai kujeru da na makaɗa, mun yi musu alkawarin biya kafin watan azumi ya kama. Ma'aji zai zauna da littafin rasit a ƙofar ɗakin taro tun bayan azahar.

Wassalam.
Sakataren ƙungiya