Godiya ga Wani Shagon Turare a Babbar Kasuwar Birnin Kebbi

Assalamu alaikum Alhaji, kai da yaran shagonka.

Tun watan Afrilu nake son in yi muku wannan godiya a bainar jama'a, sai yau Allah Ya nufa.

Ni malamar firamare ce. Na taso a gidan da idan aka ce turare, humra ake nufi da turaren wuta, mahaifiyarmu ba ta ɗaura zanen fita sai ya sha hayaƙi a kan kabbasa. Har gobe ina son su. Amma duk wanda ya san bazarar Birnin Kebbi, lokacin da zafi ke wuce maki 40, ya san yadda turare mai nauyi ke zama kaya a cikin aji mai rufin kwano. Kafin ƙarfe 11 kaina ya fara sarawa. Akwai kuma wata ɗalibata mai asma da ke zama a bencin gaba. Ranar da na sunkuya duba littafinta na ga ta toshe hanci da gefen hijabinta, raina ya ɓaci ƙwarai, na ce dole in canza.

Na shigo shagonku da niyyar ɗaukar wata kwalba mai tsada da ƙawata ta yaba mini. Ka tambaye ni aikina, ka tambaye ni na biki nake nema ko na yau da kullum. Da na yi maka bayani sai ka mayar da mai tsadar kan kanta, ka miƙo wata 'yar kwalba mai mil 6, turaren mai, wadda kuɗinta bai kai rabin waccan ba. Ka ce, "Malama, ɗiga wannan a wuyan hannunki, kada ki murza. Je ki gama cefanenki, in kin dawo sai mu yi ciniki."

Da farko ƙamshin lemon zaƙi ne ya bugi hancina, da wani ɗan gardi kamar an yanka sabuwar tuffa. Ina wajen masu tumatir sai na ji ya sauya, lemon ya ja baya, furen wardi da yasmin sun fito a hankali, ba hayaniya. Da na isa gida da la'asar, abin da ya rage miski ne ɗan kaɗan, mai laushi, sai na kai hanci kusa nake jin sa. Daga baya ne ka fahimtar da ni cewa haka ake haɗa turare hawa uku: na sama, irin su lemo, shi ke saurin tashi cikin 'yan mintuna, furanni su riƙe tsakiya na wasu awanni, miski ya zauna a ƙasa. Shekara nawa ina sayen turare da shaƙar farko kawai, ba wanda ya taɓa gaya mini haka.

Abin da ya fi burge ni da shi, ba ya riga ni shiga wuri. Malaman addini sun sha yi mana nasiha kan mace ta fita da ƙamshin da ke tashi, kuma wannan iyakarsa cikin hijabina. Na kan hau kabu-kabu hankalina kwance. Ɗalibata yanzu da kanta take matsowa ta nuna mini aikinta.

Ban manta kuma da gaskiyar da ka faɗa mini ba, cewa irin wannan ba ya kwana a jiki, kada in sa ran zai yi abin da oud ke yi. Da wani ɗan kasuwa ne, da ya rantse mini cewa zai yi kwana uku. Yaronka ma ya biyo ni har bakin ƙofa yana cewa, "Anti, kada ki ajiye shi a taga, rana na ɓata shi. In hunturu ya zo ki fara shafa man kaɗanya, busasshiyar fata ba ta riƙe ƙamshi." Na bi shawararsa.

Kwalbata ta uku ke nan, kuma malamai biyu a makarantarmu sun karɓi kwatancen shagonku. Kafin Sallah zan kawo ƙanwata, ita ma'aikaciyar jinya ce, irin matsalata take fama da ita a wurin aiki.

Allah Ya buɗa kasuwa, Ya ƙara albarka, Ya jiƙan magabata.

Taku,
Wata malama daga Birnin Kebbi