Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Babban Daraktan Ƙungiyar Ƙwadago Ta Duniya, Gilbert Houngbo

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto maka wannan wasiƙa ne a matsayin wanda ya yi shekaru yana riƙe da littafin taro a wani ƙaramin reshen ƙungiyar ma'aikata, ya zauna a teburin sulhu, ya sa hannu a takardar tafiya yajin aiki, daga baya kuma ya ɗanɗani zafin yajin aikin da wasu suka kira. Tun da aka kafa ƙungiyar da kake jagoranta a 1919, kujeru uku aka tanada a zaurenta: ta gwamnati, da ta masu ɗaukar ma'aikata, da ta ma'aikata. Akwai mutum na huɗu da ba a ba shi kujera ba, alhali duk abin da ukun nan suka kasa warwarewa a kansa yake ƙarewa, kuma saboda shi na ɗauki alƙalami.

Na haɗu da shi wata safiya da na kai yayata wankin ƙoda a wani asibitin gwamnati. Mun tarar da ƙofar sashen a kulle, an liƙa wani kwali da rubutun hannu cewa likitoci sun shiga yajin aikin sai-baba-ta-gani. A kan bencin waje akwai wani dattijo rungume da takardun gwajinsa a cikin leda, ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga, yana ta tambayar mai gadi ko gobe za a buɗe. Mu dai mun ci bashi mun tafi asibitin kuɗi. Shi kuwa muka baro shi a zaune. Hausawa na cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a rikicin ƙwadago na ma'aikatun gwamnati karin maganar nan ba ta aiki.

Dalilin a fili yake. Idan ma'aikatan masana'anta suka ajiye aiki, aljihun mai masana'antar ne ke zuba kullum, don haka yakan gaggauta neman sulhu. Idan kuwa likitoci ko malaman jami'a suka ajiye aiki, jami'in da ke ɗaya gefen teburin ba ya asarar komai, domin albashinsa na shiga, kuma sau da yawa iyalinsa ba sa cikin masu dogaro da asibitin ko makarantar da aka rufe. Yana iya jira wata uku, yana iya jira shida, har ma baitulmali ta huta da biyan albashi idan aka ɗora dokar nan ta ba aiki ba biya. Ga shi kuma gwamnatin ita ce uwar ɗakin ma'aikata, ita ce mai shiga tsakani, ita ce mai 'yan sanda.

Da yawa daga cikin dogayen yaje-yajen aikin da suka fi galabaita jama'a tsohon alkawari ne ya haife su. Likitocin Kenya sun shafe kwana 100 suna yajin aiki, daga Disamban 2016 zuwa Maris na 2017, har aka ɗaure shugabanninsu bakwai na ɗan lokaci, kuma abin da suke nema shi ne a aiwatar da yarjejeniyar da aka sa wa hannu tun 2013. A Najeriya, yarjejeniyar da gwamnatin tarayya ta ƙulla da ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU a 2009 tana cikin manyan dalilan da suka sa aka rufe jami'o'i wata tara a 2020, aka sake rufe su wata takwas a 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Ɗalibin da ya shiga karatun shekara huɗu a wannan tsakani ya fito a makare, iyayensa sun biya hayar ɗakin da babu kowa a ciki, masu sana'ar da ke cin abinci a bakin jami'a sun karye, kuma babu wanda ya biya ɗayansu diyya.

Na san yadda ake haifar irin wannan yarjejeniya domin na taɓa kasancewa a ɗakin. Ƙarfe biyun dare, kowa ya gaji, 'yan jarida na jira a waje, sai wakilin hukuma ya ce a rubuta duk abin da muke so in dai za mu janye yajin aikin kafin gari ya waye. Kujerar jami'in da ke riƙe da kuɗi babu kowa a kanta. Mun lura da haka, amma muka yi shiru, saboda mu ma muna son abin da za mu nuna wa membobinmu. Aka sa hannu, aka ɗauki hoto, kowa ya san babu sisi a kasafin kuɗi domin abin da aka rubuta. Alkawari kaya ne, mu kuwa a daren nan mun ɗaure kayan da babu mai niyyar ɗauka, bayan shekara biyu muka sake rufe ofisoshi a kan takardar.

Kada a fahimce ni a matsayin mai neman a hana yajin aiki. Kwanakin hutu, da ƙayyade awannin aiki, da hutun haihuwa, da mafi ƙarancin albashi, duk gwagwarmayar 'yan ƙwadago na da babban hannu a samuwarsu, kuma waɗanda ba su taɓa biyan kuɗin ƙungiya ba suna cin moriyarsu. Ƙungiyar ƙwadago ta Tunisiya, UGTT, tana cikin ƙungiyoyi huɗun da suka tsamo ƙasarsu daga bakin rikici har aka ba su kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2015. Mun kuma ga abin da ke faruwa idan teburin sulhu ya rushe: a Marikana ta Afirka ta Kudu, ranar 16 ga Agustan 2012, 'yan sanda sun harbe masu haƙar ma'adinai 34 da ke yajin aiki. A shekarar 2012 ɗin ce kuma wakilan masu ɗaukar ma'aikata a ƙungiyarka suka ƙalubalanci cewa Yarjejeniya ta 87 ta 1948, wadda ƙungiyar ta zartar kan 'yancin kafa ƙungiyoyi, ta ƙunshi 'yancin yajin aiki, taƙaddamar da ta kai hukumar gudanarwarku ga miƙa tambayar ga Kotun Duniya a Nuwamban 2023. Tambaya ce mai nauyi, sai dai amsarta ba za ta buɗe wa dattijon nan ƙofar asibiti ba.

Abin da nake roƙo shi ne ofishinka ya mayar da saɓa yarjejeniyar da gwamnati ta sa wa hannu babban batu, kamar yadda ake kallon kama shugabannin ƙwadago. Yarjejeniya ta 98 ta 1949 da ta 154 ta 1981 sun ƙarfafa ciniki tsakanin ƙungiyoyi da masu ɗaukar ma'aikata, amma cinikin da ba a biya ba, an yi ba a yi ba ne. A riƙa tambayar gwamnatoci a rahotannin da suke kawowa hedikwatarku da ke Geneva yarjejeniya nawa suka ƙulla da ma'aikatansu, nawa suka cika, kuma a ja hankalinsu kada a sa hannu sai an lissafa kuɗin, mai riƙe da baitulmali ya amince a rubuce. Mai shiga tsakani ma ya zama hukuma mai cin gashin kanta, irin CCMA da Afirka ta Kudu ta kafa a ƙarƙashin dokar ƙwadagonta ta 1995.

Ga 'yan uwana na ƙwadago kuma, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ƙididdigar ƙungiyarka ta nuna kusan mutum biliyan 2, fiye da kashi 60 cikin 100 na masu aiki a duniya, suna sana'ar da babu albashi tsayayye, babu fansho, babu ƙungiya. Ranar da muka tsayar da sufuri ko wutar lantarki, su ne ke kwana da yunwa, kuma idan an sasanta an biya mu bashin albashi, su babu mai mayar musu da ranar da suka rasa. Italiya ta yi doka a 1990 da ta wajabta ba da sanarwa da kuma ci gaba da wani kaso na aiki a ayyukan da rayuwar jama'a ta rataya a kansu, tare da hukumar da ke sa ido. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka ina roƙon ka ƙarfafa wa ƙungiyoyi da gwamnatoci su zauna tun ana zaman lafiya su rubuta waɗanne ɗakuna ne ba za a rufe ba ko ana yajin aiki, a fara da ɗakin haihuwa, da na gaggawa, da na wankin ƙoda.

Naka cikin girmamawa,
Wani tsohon sakataren reshen ƙungiyar ma'aikata.